Allo Ɗaya, Kwamfuta Shida

Litinin, 3 ga wata, 5:40 na yamma

Laftof ɗina ta fara iskanci. Tun safe nake kan ƙafar sauro guda ɗaya, layin ya ƙi miƙewa. Ina jan alƙalami a kan allon zane, abin yana fitowa a gilashi kamar haƙoran zarto. Na goge ya fi sau talatin.

Ƙwari arba'in da biyu Edita ya ba ni, na littafin kimiyyar 'yan aji huɗu, a miƙa ranar 28. Na gama sha ɗaya. A gaban kowa ya ce wannan aiki na Rula ne, don babu mai iya jan gashin ƙafar ƙuda in ba ita ba. Ni ce Rula. Shekara ashirin da biyu ke nan ana kira na haka a ofis, tun zamanin takarda da tawada, saboda ina jan layi a miƙe ba tare da na ɗora komai ba.

Kuma har gobe gugata a sifili take. Guga shi ne sunan da muka sa wa wani saiti na manhajar zane, wanda ke bin layin mutum yana goge masa karkata, daga sifili zuwa ɗari. Masu sabon hannu har hamsin suke kai shi. Ni ban taɓa kunna shi ba, kuma na sha gaya musu a fuska cewa duk wanda ya kunna guga, kwamfuta ce ta yi zanen, shi dai ya riƙe mata alƙalami.

Gobe zan tafi da allon zuwa ofis.

Talata, 4 ga wata, 1:15 na rana

Na haɗa shi da babbar kwamfutar teburina. Kowace kwamfuta da halinta. Wannan sai da na sake sauke mata direba, 'yar manhajar da ke sa ta gane allon, na kashe na kunna. Da ta gane shi kuma sai ta shimfiɗa shi a kan gilashi biyu, in na zana da'ira ta fito ƙwai. Na gyara wannan cikin minti biyar, ba yau na fara ba. Na daidaita nauyin dannawa yadda nake so.

Da'ira ta koma da'ira. Haƙoran zarton suna nan.

Mai Kala, wadda ke sa wa zanena launi tun farkon zuwana ofis, ta leƙo ta bayana ta ce, "Rula, wannan sauron sanyi yake ji ne?" Na ce ta je ta ji da fentinta. Ta yi dariya, amma ba ta tafi da wuri ba.

Laraba, 5 ga wata, 4:00 na yamma

Wayar da ke haɗa allon ce. Na sayo sabuwa.

Alhamis, 6 ga wata, 9:20 na safe

Ba waya ba ce.

Juma'a, 7 ga wata, 6:30 na yamma

Yaya ya kira. Wai Inna tana ta tambayata, ko na yi tafiya ne. Na ce aiki ne ya sha mini kai. Ya ce, "Wata uku fa, ƙanwata. Mota ɗaya ce tsakaninmu da ke." Na ce in na miƙa littafin zan zo.

Na san ban kyauta ba. Matar Yaya ce ke yi mata komai, ita ke ɗaura mata ɗankwali, ita ke sa mata maɓalli. Ni dai ba na son in je a kawo shayi ina zaune. Ƙarar cokalin nan a jikin kofi ce ba na iya ji.

Har yanzu sha ɗaya.

Asabar, 8 ga wata, 2:45 na rana

Na kai allon wurin Injiniya, mai gyaran kwamfuta na ƙasan benen da ke kusa da tasha. Shagonsa ba ya ɗaukar mutum uku a tsaye, ko'ina gawar laftof ce an jera har rufi. Ya haɗa allon da tasa, ya ja layi, ya yi da'ira, ya rubuta sunan shagonsa har da ado.

Ya ce, "Hajiya, allon nan lafiyarsa ƙalau."

Na ce ai dole, tunda yana danna alƙalamin kamar mai haƙa rami. Matsalar sai a siririn layi take fitowa, wanda ake ja da kyar a taɓa allo. Ya ce to bismillah, ya miƙo mini alƙalamin. Na ce sauri nake, ya canja mini tsinin kawai.

Ya canja. Da zan karɓi allon sai ya ƙi sakin ɓangarensa har sai da ya ga na sa shi a jaka. Ban san me ya ɗauke ni ba, jaririya?

Lahadi, 9 ga wata, 11:00 na safe

Na ari laftof ɗin Malam maigidana, ta makaranta. Ta ƙi karɓar direba sai da lambar sirri, sai da ya kira wani abokin aikinsa. Duk wannan wahala, sakamakon ɗaya.

Yana tsaye a bakin ƙofa da takardun jarrabawa a hannu ya ce, "Ta huɗu ke nan, ko?"

Na ce ƙirgawa yake?

Ya ce, "A'a. Cewa na yi ko za ki huta kwana biyu."

Na ce in ya gaji da ara mini kayansa ya faɗa. Ya yi shiru ya fita. Shekara ashirin da biyar muna tare, na san shirunsa kala-kala, wannan ban san shi ba.

Ya koma zuba mini rabin kofi. Ban tambaye shi dalili ba.

Litinin, 10 ga wata, 3:30 na yamma

Edita ya kira ni ofishinsa, ya rufe ƙofa. Ya tambayi nawa na kai. Na ce sha ɗaya, yallaɓai, amma kayan aiki ne suka ba ni matsala, an kusa shawo kanta.

Ya ce mutanen sama sun daɗe suna so a riƙa ba wa 'yan waje aikin zane, shi ne yake tarewa, kuma da sunana yake tarewa. In littafin nan ya makara ba shi da sauran abin faɗa. Ni ma na sani, duk teburin da aka ba wa 'yan waje aikinsa ba ya dawowa. Mun gani a kan masu taswira.

Ya ce, "Akwai abin da kike so in sani?"

Na ce sabon allo nake so. Ya dube ni, ya rubuta a takarda.

Talata, 11 ga wata, 12:10 na rana

Sun kawo sabon allo daga sito, a kwalinsa. Ba na son yin maganarsa. Na mayar, na ce nawa na saba da shi.

Laraba, 12 ga wata, 5:50 na yamma

Alhamdu lillahi.

Da safe Mai Kala ta same ni ina kallon gilashi ta ce, "Zo ki gwada tawa mana. Tsohuwa ce, amma ba ta da mita." Na ce na gaji da yawo da allo kamar mai talla. Ta ce in ba ta minti goma ta kwashe tarkacenta ta shirya mini. Ta ɗauki allon da kanta ta tafi da shi.

Na zauna, na ja ƙafar sauron nan da ta hana ni sakat kwana tara. Ta fito sumul, ja ɗaya. Na sake ja, haka. Sai da na shiga banɗaki na wanke fuska, don ban so a ga idona.

Ashe ba ni ba ce. Na rubuta ne don in gani da idona: ba ni ba ce.

Aibinta ɗaya, tana da nawa. Alƙalami yana gaba, layin yana biyo shi a baya kaɗan, kamar yaron da ya gaji da tafiya. Tsufa ne, zan saba. Mai Kala ta koma teburina, ta ce kujerata ma ta fi tata laushi, ita ta ci riba.

Sha huɗu.

Juma'a, 14 ga wata, 6:00 na yamma

Ashirin. Tururuwa, fara, kyankyaso, ƙudan zuma biyu. Na ce wa Mai Kala in na mutu a binne ni da kwamfutarta. Ta ce, "Allah ya kyauta, Rula, bakinki ba ya tsufa."

Na gaya wa Malam an gano matsalar. Ya ce madalla. Ko ɗagowa bai yi daga littafinsa ba, abin ya ba ni haushi. Mutum ya zo da labari mai daɗi a karɓe shi kamar takardar kuɗin wuta.

Lahadi, 16 ga wata, 4:20 na yamma

Yaya ya sake kira. Suna so su gyara ƙaramin ɗakin nan na baya, yana tambaya ya za a yi da kekunan ɗinkin Inna, a sayar ko ina so. Na ce kekuna? Ya ce ai uku ne.

Na manta uku ne. Baƙin nan mai ƙafa shi na sani tun tasowata, da shi ta yi mana kayan makaranta. Ina shekarar farko a ofis ta fara cewa yana tsallake ɗinki. Aka kira mai gyara sau biyu, ya ce bai ga komai ba, ta ce bai iya aiki ba. Yaya ya sayo mata na biyu. Wata biyu ta ce shi kuma yana jan yadi gefe. Na ukun mai lantarki ne, ni na kai mata shi a mota, ta yi ta sa mini albarka. Ban san ko ta yi riga biyar da shi ba.

Shekararta hamsin da ɗaya a lokacin.

Ban san me ya sa na rubuta wannan ba. Na ce wa Yaya ya bari zan yi tunani.

Talata, 18 ga wata, 5:30 na yamma

Ashirin da takwas.

Alhamis, 20 ga wata, 7:10 na yamma

Zan rubuta yadda abin ya faru, bi da bi, in ba haka ba zan yi ta juya shi a kaina.

Na kai wa Edita talatin da ɗaya da aka buga a takarda. Ya shimfiɗa su a tebur, ya ware sha ɗayan farko gefe guda. Ya ce, "Waɗannan suna cizo. Waɗannan kuma na roba ne." Na ce ban gane ba, yallaɓai. Ya nuna gwiwar fara. Babu kusurwa, ta lanƙwashe kamar tiyo. Ya nuna ƙahon tururuwa, bakin sauro, duk haka. Da ya nuna sai na gani. Kwana takwas ina kallonsu ban gani ba, don murnar layi ya daina rawa.

Ya ce za su wuce a haka, yara ba za su lura ba. Wannan maganar ta fi mini zafi a kan a ce a sake.

Na koma teburin Mai Kala a fusace, na ce bari in ga me tsohuwar kwamfutar nan take yi wa kusurwa. Akwatin saitin alƙalami ba ya inda ya saba zama, an rufe shi an tura ƙarƙashin wani. Na jawo shi.

Guga, saba'in da takwas.

Na same ta a sito tana neman takarda. Na rufe ƙofa na ce, "Ke kika kunna?"

Ta ce, "Ni ce."

Na ce da izinin wa? Na ce ta mayar da ni abin dariya, ina yawo ina yabon kwamfutarta tana kallona. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Ta bar ni na gama.

Sannan ta ce, "Na fara da arba'in, kafin ki zo na tuna yadda na ga layinki ranar Talata, na ƙara."

Na ce allona ne ya lalace.

Ta ce, "Rula, tun bara nake bin layinki ina gyarawa kafin in sa kala. Da kaɗan ne, minti biyar. Sha ɗayan nan da ya ce suna cizo, kowanne sai da na yi awa a kansa."

Na ce wa ya sani?

Ta ce, "'Yar uwa, wa bai sani ba?"

Tana kuka, ni ban yi ba. Na cire allona daga kwamfutarta, na naɗe waya, na fito. A mota na zauna a kan hannuna har gida.

Juma'a, 21 ga wata, 10:00 na safe

Ban je ba. Na ce kaina ke ciwo.

Asabar, 22 ga wata, 1:40 na rana

Na je babban kantin kwamfuta na kan titi mai fitilu, inda babu wanda ya san ni. Na ce ina son in sayi mai ƙarfi, amma sai na gwada da allona. Mai kantin ya kunna mini wadda ta fi kowacce tsada, ko ledar jikinta ba a cire ba. Ko direba ba ta nema ba, tana ganin allon ta gane shi. Na duba guga da idona, sifili. Na jira ya juya wurin wani mai saye.

Na ja layi ɗaya.

Na goge, na yi masa godiya, na ce zan dawo.

Lahadi, 23 ga wata, 5:00 na yamma

Malam ya zauna kusa da ni a kan doguwar kujera. Can ya ce ya ga littafin nan da nake rubutu a ciki a buɗe ranar nan, bai karanta ba, amma ya ga rubutun. Ya ce, "Da daga bakin ƙofa nake gane rubutunki. Yanzu ya ƙanƙance."

Na ce biro ne.

Ya ce, "To."

Ni da kaina na ji yadda maganar ta fito. Na koma shafin farko na gwada da na yau. Ban san yaushe ya fara ba.

Tsoro nake ji. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko shi. Tsoro nake ji tun ranar da zare ya ƙi shiga mini allura, kafin sauro, kafin komai.

Litinin, 24 ga wata, 4:30 na yamma

Na koma ofis, teburina. Mai Kala ta ajiye mini ruwa ta koma nata teburin. Saura sha ɗaya, kwana huɗu. Na yini a sifili. Ban gama ko ɗaya ba.

Talata, 25 ga wata, 9:05 na safe

Na kunna da hannuna. Saba'in da takwas bai isa ba yau. Tamanin da biyar.

Alhamis, 27 ga wata, 6:15 na yamma

Arba'in da biyu. Na ƙarshen gizo-gizo ne a kan saƙarsa. Zaren ya fito santsi, babu rawa ko kaɗan, kuma ba nawa ba ne. Ni na riƙe alƙalamin dai.

Kafin a tashi na je teburin Mai Kala na ce ta yafe mini maganganun sito. Ta ce, "Wane sito?" Ta jawo gizon ta fara mayar masa da gwiwoyinsa ɗaya bayan ɗaya, a gabana, ba ɓoyo. Na tsaya ina nuna mata inda kusurwa za ta zauna. Idona dai bai samu komai ba.

Juma'a, 28 ga wata, 3:00 na yamma

Na miƙa a kan lokaci. Edita ya yi godiya, ya rufe ƙofa. Littafi na gaba 'yan waje za a ba wa. Ya ce ya roƙa a bar ni in riƙa duba abin da suka kawo, in nuna musu inda suka yi kuskure, an yarda zuwa ƙarshen shekara. Daga nan bai sani ba.

Na ce na gode, yallaɓai. Ya miƙo takarda in sa hannu. Da na ɗauki biro sai ya juya yana neman wani abu a durowa, bai juyo ba sai da ya ji na ajiye.

Asabar, 29 ga wata, 6:40 na yamma

Na je gidan Yaya. Malam ya kai ni, ya zauna a falo da Yaya.

Inna tana kan kujerarta ta bakin taga, ta rame. Hannayenta a kan cinya suna ta aikinsu. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, ba ta yi mini faɗan wata uku ba. Kallona kawai take yi, daga fuska ta sauka.

Ta ce, "Fito da shi."

Na ce me, Inna?

"Na daman. Tun da kika shigo yake cikin jaka."

Na ce allon aikina ne ya lalace, shi ya sa ban zo ba, ina ta yawon gwada shi a kwamfutoci.

Ta ce, "Nawa kika gwada?"

Na ce shida.

Ta ce, "Ni a uku na tsaya. Kin fi ni taurin kai."

Na fito da shi na ɗora a gwiwarta, kusa da nata. Muka zauna muna kallonsu. A nan ne na yi kukan da ban yi a sito ba, ta bar ni na yi.

Matar Yaya ta shigo da shayi za ta zauna ta ba ta, na ce ta kawo. Ta ɗan tsaya, sannan ta miƙo. Na sa cokali a kofi, ƙarar nan ta tashi, wannan karon daga wurina. Inna ta kama wuyan hannuna da nata, muka kai cokalin bakinta mu biyu. Rabi ya zube a zaninta, rabi ta sha. Ta ce sukari ya yi kaɗan.

Yaya ya rubuta mini ranar da likitanta yake ganin mutane. Talata ce. Malam ya karɓi takardar ya sa a aljihu.

A bakin ƙofa Yaya ya sake tambayata maganar kekunan. Na ce ya sayar, kuma kada ya yarda mai saye ya karya musu daraja. Ya gaya masa gaskiya, lafiyarsu ƙalau, duka ukun.